Yaya ake tambayar lafiyar gida ba tare da zato ba?

Hadiza: Salamu alaikum. Ina aikin jinya, abokan aikina daga ƙasashe daban-daban suke. Wata sabuwar ma'aikaciya tana nuna mana zoben aurenta, sai wani ya ce, "Me mijinki yake yi?" Ta yi shiru, tana murza zoben a yatsa, can ta ce, "Matata malamar makaranta ce." Kallo ɗaya za ka san ta gaji da wannan gyaran. Abin ya tsaya mini a rai. Yaya zan riƙa tambaya?

Malam Sani: Wa alaikumus salam, Malama Hadiza. "Ya iyali?" ko "Ya mutanen gida?" sun wadatar. Ki bari mutum ya fara ambata da kansa, sai ki bi yadda ya faɗa.

Usman: Amma ai yawancin aure miji da mata ne. Mene ne laifin zaton?

Hadiza: Ɗan'uwa, wanda zaton bai dace da shi ba, dole ya zaɓa: ya yi ƙarya ko ya buɗe sirrinsa a gaban mutane. Ba na son in jefa kowa cikin wannan tsaka mai wuya.

Binta: A asibiti ma abin ya fi nauyi. Holan ta halatta auren jinsi tun 2001, Afirka ta Kudu a 2006, don haka za ki haɗu da irin waɗannan iyalai. Ni nakan tambayi majinyaci, "Wa za mu kira idan wani abu ya taso?" Har wadda mijinta ya rasu takan fi sakewa da wannan tambayar.