Zan iya canza sitiyarin 350Z ɗina da kaina ko in haƙura in kai wa makanikan Apo?

Mai Z na Lokogoma: Salamu alaikum 'yan'uwa. Dan Allah shawara nake nema wajen wanda ya taɓa yi da hannunsa, ba wanda ya ji an ce ba. Ina da Nissan 350Z ta 2006, manuwal, shekara uku kenan tana hannuna. Rana ta gama cinye fatar sitiyarin, saman duk ya ɓare har yana manne min a tafin hannu in na yi gumi, gefen hagu kuma soson ciki ya fara juyawa in na murɗa da ƙarfi. Zaɓi biyu ne a gabana. Wani a kasuwar kayan mota ta Gudu ya ce yana da nata na asali ɗan Beljiyam babu eyabag dubu 95, sai in mayar da eyabag ɗina a kai. Na biyu wani abokina zai sayar min da sitiyarinsa na Momo, irin na 'yan tsere, har da bos kit wato mazaunin da ake ɗaura shi a kai, dubu 140, yana da kyau wlh amma shi ba ya ɗaukar eyabag sam. Dalilin da ya sa nake so in yi da kaina, wancan karon da na kai gyaran oda yaron shagon ya karya min robar bayan sitiyarin har yau da gam take. Abin da nake tambaya, minti nawa ake jira bayan an cire batir, kuma dole sai da fula, wato ƙarfen janyowa, ake zare sitiyarin ko hannu ya isa, sannan in na sa Momon wutar eyabag za ta zauna a dashbod kenan?

Ɗan Kubwa: Wa alaikumus salam. Oga ka sai riga ta dubu 4 a bakin titi ka sa masa ka huta

Alhaji Mai Sienna: Ni shawarata ka sayar da motar. Kayanta wahala, ga shan mai, ga ƙasa-ƙasa duk bam ɗin Lokogoma sai ta goga ciki. Kana da iyali kuwa?

Abba 08: nima nawa na yi ta ƙara kas kas in na karya kwana, ashe rak ne, ƙarfen da ke juya tayoyi, dubu 160 na kashe. ka fara duba rak ɗinka tukun

Mai Z na Lokogoma: Abba rak ɗina lafiya lau, fata ce kawai ta mutu. Alhaji na gode amma motar ba ta sayarwa ba ce.

Sarkin Barkwanci: Alhaji ai gaskiyarka, mota kujera biyu rak, in ya ƙara aure ina za a sa amarya, but? 😂😂

Injiniya Gwarimpa: Na yi a G35 kufe ɗina, 'yar'uwar taka ce, inji ɗaya VQ35. Aikin bai kai awa ɗaya ba in ka natsu. Ka faka a waje mai daidai tayoyin gaba su miƙe sak, ka kashe ta ka zare makulli, ka cire kan batir, littafin Nissan cewa ya yi a jira aƙalla minti 3 domin akwatin eyabag yana riƙe sauran wuta, ni minti 10 na ba shi na je na sha ruwa. A gefe da gefen sitiyarin akwai murfi ƙanana, ciki akwai kusoshi masu kan tauraro T30, irin mai ɗan tsinke a tsakiya, saboda haka makullin ma sai mai rami. In eyabag ɗin ya fito ka ɗaga ɗan makullin soket ɗin da siririn sukudireba kafin ka ja, kar ka ja waya, sannan ka ajiye shi fuskar tambarin tana kallon sama, kar ka kife shi. Notin tsakiya 19 ne. Ka sassauta shi amma ka bar shi a kai da zare biyu ko uku, sannan ka jijjiga sitiyarin ka ja, in ba haka ba ranar da ya saki a haɓarka zai sauka. Ni ban yi amfani da fula ba. Ka ja layi da maka a kan sandar kafin ka zare. Babban abin tsoron shi ne ribon ɗin da ke baya, wanda oda da eyabag suke bi ta ciki, da ka zare sitiyari ka manne shi da tef kar ya juya, domin zagaye biyu da rabi kawai yake da shi kowane ɓangare, in ya kauce daga tsakiya ranar da ka karya sitiyari gaba ɗaya zai tsinke.

Mai Z na Lokogoma: Allah ya saka da alheri Injiniya, irin wannan nake nema. Momon fa?

Baban Ilham, Jos: Ƙanena ka tsaya ka ji ni kafin ka taɓa komai. Ni ma lokacin da nake da BMW E46 haka na yi, na cire nata na sa ƙaramin sitiyari irin na 'yan tsere, da hannuna na ɗaura a ƙofar gida, kuma ya ɗauru daidai ba matsala, na ajiye na asalin da eyabag ɗinsa a kan wadirof ina ganin na yi dabara. Wata bakwai ina jin daɗinsa. Ranar da abin zai faru daga Abuja nake zan koma Jos da yamma, an yi ruwa, a Hawan Kibo wata tirela ta tsaya a kwana babu alama babu komai, na taka burki motar ta ja ni na shiga bayanta ta gefe. Gudun ma ba wani mai yawa ba ne wlh. Yaron da na rage wa hanya yana kujerar gefe, eyabag ɗinsa ya fashe, ya fito da ƙafarsa ɗan ƙujewa kawai a hannu. Ni kuwa fuskata ce ta sauka a kan sitiyarin. Muƙamuƙina ya karye gida biyu, haƙori huɗu suka tafi, haƙarƙari uku. Aka ɗaure min baki da waya sati bakwai, kunu da madara nake zuƙa da tsinke, 'yata lokacin tana shekara huɗu ta ƙi zuwa kusa da ni tana kuka ta ce ba babanta ba ne. Abin da ya fi ci min rai, da aka jawo motar gareji na je na gani, sitiyarin ya lanƙwashe kamar murfin gwangwani, ashe wanda ya sayar min jabu ya ba ni da tambari a kai, ni kuma kuɗin na gaske na biya. Da na koma gida na ɗaga kai na ga na asalin a kan wadirof da eyabag ɗinsa lafiya lau, sai da na yi hawaye. Har yau in sanyin Jos ya shigo ba na iya tauna nama ta hagu. Ka sa na Beljiyam ɗin ka mayar da eyabag ɗinka dan girman Allah.

Maman Sultan: Innalillahi. Allah ya ƙara lafiya yaya, Allah ya sa kaffara ce

Ɗan Kubwa: subhanallah Hawan Kibo ai ya ci mutane ba kaɗan ba. sannu Baba

Kb Dirif: Allah ya kiyaye gaba. amma tsakani da Allah ka sa bel ranar? domin mu da muke wasa da mota duk ba mu da eyabag kuma ga mu nan

Baban Ilham, Jos: Na sa. Da ban sa ba ai da ba ni nake wannan rubutun ba. Bel ya riƙe ƙirji amma kai ya tafi gaba.

Injiniya Gwarimpa: Kb motocin tsere na gaske da kake gani ba eyabag, direban yana cikin kujera mai riƙe jiki, da bel mai igiya huɗu zuwa shida, da hular kwano, da ƙarafa da aka zagaye cikin motar da su. Bel ɗin motar gida an ƙera shi ne ya ɗan saki ya miƙa ka ga eyabag. Ka cire ɗaya ka bar ɗaya, ka ga abin da ya samu Baban Ilham kenan

Malam Na Zuba: Jama'a kwana in ya ƙare ko eyabag goma ne sai an tafi

Maman Sultan: Haka ne Malam amma ai cewa aka yi ka ɗaure raƙuminka sannan ka dogara ga Allah

Oga Riwaya Apo: Shekara 19 ina wannan aikin. Duk wannan dogon turancin na minti 3 minti 10 ni ban san shi ba, na cire batir na danna oda shi kenan na shiga aiki, bai taɓa fashe min ba. Maigida ka kawo ta dubu 10 in ɗaura maka ko wanne kake so, in Momon ne in sa maka resista wutar eyabag ba za ta kama ba. Kuma dubu 95 an cuce ka, sitiyari babu eyabag 45 zuwa 50 nake karɓo wa mutane

Kb Dirif: 45 na 350Z?? Oga ko dai na Almera kake nufi 😂 wata biyu da suka wuce an ce min 130 daga Ladipo ban da kuɗin mota

Abba 08: a Panteka ta Kaduna na ga wani har da eyabag ɗinsa dubu 80

Injiniya Gwarimpa: Oga Riwaya da girmanka, danna oda ba ya sauke wutar da ke cikin akwatin eyabag, layinsu daban. Bai taɓa fashe maka ba Allah ne ya tsare. Resista kuma yaudarar kwamfutar motar kawai take yi ta ɗauka eyabag yana nan. Abba kai kuma ka yi hankali da eyabag ɗin da ba ka san daga ina ya fito ba. Ka tuna maganar Takata, kamfanin Japan da ya karye a 2017, sinadarin da suka sa a ciki zafi da laima suna lalata shi, in ya tashi sai ya watso ƙarfe a fuskar mutum, miliyoyin motoci aka kira a dawo da su a Amurka har da Accord ɗin nan da muke kira EOD. Waɗanda aka shigo da su nan wa ya canza musu?

Oga Riwaya Apo: To injiniyan YouTube. Mota nawa ka kwance a rayuwarka? ɗaya. Ni a sati nake kwance biyar. In ribon ya tsinke muku wajenmu dai kuke dawowa

Injiniya Gwarimpa: Ɗaya na kwance kuma ban karya komai ba. Wanda ya karya wa mai tambaya roba ai ba a YouTube ya koya ba

Baban Ilham, Jos: Ni ba ruwana da wanda zai ɗaura, ko shi ko Oga. Eyabag ɗin dai ya koma. Oga Riwaya kai ma ka ji tsoron Allah ka daina sa wa yaran mutane resista, ni ma ita aka sa min dashbod ya yi tsaf har na manta babu komai a gabana

Oga Riwaya Apo: Alhaji mai mota ne yake cewa a sa, ni aikina nake. Kuma ku da kuke ta eyabag eyabag, rabin tokumbon da kuke hawa ku zo in buɗe muku ku gani, an buga ta a waje eyabag ya fashe, an cusa tsumma an ɗinke murfi an cire ƙwan dashbod. Ka kunna makulli ka duba, in wutar eyabag ba ta kama na 'yan daƙiƙu ta mutu ba to an taɓa ta

Maman Sultan: Na shiga uku, bari in je in duba Corolla ta yanzun nan

Mai Z na Lokogoma: Tawa tana kamawa ta mutu alhamdulillah. Baban Ilham maganarka ta shige ni wlh, na fasa Momon. Yanzu saura ko in sai na Gudu ko in kai nawa a sake masa fata, akwai wanda ya taɓa ba masu ɗinkin kujera? Matsalar soson da ke juyawa ne ban sani ba ko yana gyaruwa

Ɗan Kubwa: an ɗinka min na Camry dubu 18 ya yi kyau amma wata shida ya fara ɓarewa, leda suka sa suka ce fata ce

Kb Dirif: dubu 18 ai dole. nawa 60 na biya fata ta gaske, sai dai za ka bar musu sitiyarin kwana uku

Alhaji Mai Sienna: Kwana uku? Kar ka kuskura ka bar motar a gareji ta kwana, ka cire sitiyarin a gida ka kai musu shi kaɗai. Ni kwana biyu Sienna ta ta yi a wani gareji kan gyaran AC, da na karɓo na ji tana gurnani kamar janareto ga wari a salansa, sati guda wutar cek ta kama, aka sa kwamfuta ta nuna P0420, muka ɗaga mota ashe an yanke tukunyar salansa an kwashe indomin, wato abin da ke tace hayaƙi a ciki, an mayar an yi walda har an shafa mata ƙasa kar a gane. Na koma mai garejin ya rantse min da abin da zai kashe shi wai haka na kawo ta

Abba 08: wlh nima an min, kuma mutumin da muke sallah sahu ɗaya. wai me suke yi da shi ne

Injiniya Gwarimpa: Akwai ƙarafa masu tsada a jikinsa, filatinam da faladiyam da rodiyam, su ake tacewa. Mai Z taka ma biyu gare ta, kowane ɓangaren inji da nasa

Oga Riwaya Apo: kullum mu ne ɓarayi. direbobinku da masu wankin mota da yaran gida fa? sau nawa direba yake kawo mota da kansa ya ce a cire a ba shi kuɗin

Alhaji Mai Sienna: Ni ba ni da direba Oga, ni na kai ta ni na ɗauko. An ce min na Beljiyam dubu 250, wani ya ce 400, har yau haka nake yawo da ita tana sha min mai

Sarkin Barkwanci: Alhaji ka sa mata ƙwai biyu ka soya sauran 😂

Mai Z na Lokogoma: Jama'a maganar soson fa, yana gyaruwa ko in je Gudu gobe?

Maman Sultan: Na dawo, tawa ba ta kama ba sam ko sau ɗaya, kuma da ita nake kai yara makaranta kullum. Oga Riwaya nawa ne a buɗe a duba?