Karen gadi yana jan gindi a ƙasa: wa ya taɓa gani?

Mai awaki, garin Mai Wurno a Sudan:
Salamu alaikum jama'a. Karen da ke mana gadin garke ya tsiro da wani hali. Sai ya zauna, ya ɗaga ƙafafun baya, ya riƙa jan gindinsa a ƙasa, in ya tashi kuma ya juya yana lasar ƙarƙashin wutsiya. Ci yana ci, haushi yana yi. Yara dariya suke masa, ni kuwa na ga alama ba daɗi yake ji ba. Wanda ya san abin ya taimaka.

Manomin riɗi, Gadarif:
Wa alaikumus salam. Malam, ɗaga wutsiyar ka duba tukuna. Namu da ya yi haka bayan kaka, ƙarangiya ce ta cukurkuɗe da gashin wajen, kashi ya bushe a kai. Almakashi da ruwan ɗumi suka kashe maganar.

Wata uwa, Kasala:
Mu namu tsila ce. Ina shara na ga wasu farare kamar ƙwayar shinkafa a makwancinsa, wasu ma suna motsi a kan sabon kashinsa. Likitan dabbobi ya ce gaɓoɓin tsila ne, kuma ƙuma ke kawo ta: kare na cizon jikinsa saboda ƙaiƙayi sai ya haɗiye ƙumar da ke ɗauke da ita. Ya ba mu praziquantel daidai nauyinsa, ya ce muddin ƙumar na nan tsilar za ta dawo. Sai da muka ƙone tsummokaran da yake kwana a kai.

Manomin riɗi, Gadarif:
Hajiya, allurar ivermectin da ake wa tumaki ba za ta yi ba?

Ma'aikacin lafiyar dabbobi, Sinnar:
Ba ta kashe tsila, Yaya. Kuma gaskiya yawancin waɗanda na duba da wannan hali ba tsutsa ce damuwarsu ba. Kare yana da 'yan jakunkuna biyu a bakin dubura, ɗaya dama ɗaya hagu, can ƙasa-ƙasa. Suna tara wani ruwa mai ƙarni, shi ne karnuka ke shinshinawa in sun haɗu. Kashi mai tauri ne ke matse su ruwan ya fita da kansa. To karen da abincinsa ragowar asida da miya ne kullum, ko wanda ya yi zawo, kashinsa ba ya matse komai. Ruwan sai ya taru ya yi kauri, hanyar ta toshe, shi kuma ya koma gogawa a ƙasa ko zai samu sauƙi.

In abin bai yi nisa ba, ana sa safar hannu a matse su a hankali, amma a bar wanda ya iya ya nuna maka da farko, kuma a ɗaure bakin karen, don ko mai haƙuri ne ciwo na sa shi cizo. Tsumma mai ɗumi a wajen yana taimakawa, dafaffiyar kabewa kaɗan a abinci tana gyara kashi. In ka ga gefe ɗaya ya kumbura ya yi ja, ko jini da mugunya, kar a matsa. Ƙurji ne, zai iya fashewa ta fata, sai an wanke an ba da maganin ƙwayoyin cuta. Na ga wanda aka shafa wa baƙin man mota a kan irin wannan, wajen ya ƙara lalacewa. Ibuprofen ɗinmu na mutane kuma kar a ba shi, yana cin ciki da ƙodar kare.

Dattijo, Damazin:
Ɗana, ni abin da ke damuna daban ne. Karnukan unguwarmu a mahauta suke wuni, ana jefa musu huhu da hantar da mahauci ya ƙi saboda ƙulli mai ruwa a ciki. Jikokina kuma da su suke wasa.

Ma'aikacin lafiyar dabbobi, Sinnar:
Baba, wannan wata tsila ce daban da kare ke samu in ya ci kayan cikin da ke da ƙullin nan. Ta fi ta ƙumar haɗari, kuma sananniya ce a raƙuman Sudan. Ita ba ta cika sa kare jan gindi ba, ƙanƙanuwa ce, ba ka ma ganin ta a kashi. Ƙwanta ke maƙalewa a gashinsa, ya bi hannun yaro zuwa baki, bayan shekaru ƙullin ya fito masa a hanta ko huhu. Praziquantel ɗin nan yana kashe ta a cikin kare, amma sai ana maimaitawa tun da gobe ma zai koma mahauta. Kayan cikin da aka ƙi a ƙone ko a binne da zurfi, yara kuma su wanke hannu da sabulu kafin su zauna cin abinci.