Wanda ya buɗe wuta yana cewa shi aka zalunta: alhakin a wuyan wa yake?

Ɗan Kurmi ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da masu harbin kan mai uwa da wabi a ƙasashen Yamma, wato yadda kusan kowannensu yake gabatar da kansa a matsayin wanda aka zalunta. Anders Breivik, wanda ya kashe mutum 77 a Norway ranar 22 ga Yulin 2011, ya amsa a gaban kotu cewa shi ya yi kisan, amma ya ƙi amsa laifi, domin a cewarsa kare ƙasarsa ya yi. Wanda ya shiga masallatai biyu na Christchurch ranar Juma'a 15 ga Maris 2019 ya kashe masallata 51 ya kira su 'yan mamaya, alhali shi kansa baƙo ne a New Zealand, daga Ostireliya ya zo. Na birnin El Paso a Amurka kuwa, a watan Agustan 2019, ya tuƙa mota kimanin sa'o'i goma kafin ya isa kantin Walmart inda ya kashe mutum 23, yana da'awar cewa 'yan asalin Latin Amurka suna mamaye jihar Texas.

Tambayata ita ce: aƙidar siyasa ce take dasa musu jin cewa an zalunce su, ko kuwa da ƙullin suke a zuci tun farko, aƙidar ta zo ta nuna musu wanda za su huce a kansa? Idan kuma muka ɗora laifin a kan aƙida, ba mu rage wa mai kisan nasa kason ba?

Lauyan Unguwa ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Kotun Oslo ta fuskanci wani ɓangare na tambayar nan kai tsaye, kuma yadda shari'ar ta gudana abin dubawa ne. Likitocin ƙwaƙwalwa biyu da aka fara naɗawa sun ba da rahoto a ƙarshen 2011 cewa Breivik yana da taɓin hankali mai tsanani, wanda ke nufin asibiti za a kai shi maimakon kurkuku. Jama'a suka yi ca, aka naɗa wasu biyun, su kuma a watan Afrilun 2012 suka ce da hankalinsa ya aikata. Sai aka wayi gari masu gabatar da ƙara ne suke roƙon a ayyana shi a matsayin marar hankali, shi da lauyoyinsa suna dagewa cewa lafiyarsa lau, saboda ya san idan aka ce mahaukaci ne, shafuka 1,500 da ya rubuta sun zama sambatu. Ranar 24 ga Agustan 2012 alƙalai suka ce yana cikin hankalinsa, suka yanke masa shekara 21, hukuncin da doka ta ba da damar a riƙa tsawaita shi muddin ana ganin yana da haɗari ga jama'a.

A ganina alƙalan sun yi daidai, kuma hujjar tana cikin shirin da ya yi. Mutumin nan ya kama hayar gona takanas domin ya sayi takin zamani mai yawa ba tare da an zarge shi ba, ya haɗa bom da shi, ya tayar a unguwar ofisoshin gwamnati inda mutum takwas suka mutu, sannan ya sa kayan 'yan sanda ya hau jirgin fito zuwa tsibirin Utøya, inda matasan jam'iyyar Labour da suke taro a can suka taho wurinsa suna zaton ceto ya kawo musu. Ya kashe 69 a can, wasunsu 'yan shekara 14. A kowane mataki yana da damar fasawa, bai fasa ba.

Game da zaluncin da yake iƙirari, a unguwar masu hali ta yammacin Oslo ya tashi, mahaifinsa jami'in diflomasiyya ne. Daga kurkuku ma bai daina ba: ya rubuta ƙorafi cewa ana kawo masa kofi da sanyi, ya nemi a sauya masa PlayStation 2 da PlayStation 3, ya kuma maka gwamnati a kotu kan cewa ana tauye masa haƙƙi. Wannan ya sa nake karkata ga cewa halin ya riga aƙidar zuwa.

Uwar Sadiya ta amsa:

Ranka ya daɗe Lauya, ban musa maka ba cewa wanda ya ja kunamar bindiga shi ne mai laifi na farko, sai dai ina tsoron kada mu mayar da aƙidar kamar ado ce kawai. Masu jin haushin duniya suna da yawa a kowace ƙasa, kuma mafi yawansu ba su taɓa kashe ko kiyashi ba. Wani ne ya gaya wa waɗannan cewa ƙuncinsu yana da mai shi, cewa akwai wata maƙarƙashiya ta maye gurbin farar fata da Musulmi da baƙaƙe da 'yan ci-rani, ra'ayin da marubucin Faransa Renaud Camus ya yayata, wanda daga baya ya fito daga lungunan intanet ya shiga bakin wasu 'yan siyasa da masu sharhi a talabijin.

Ku duba yadda suke miƙa wa juna. Na Christchurch ya ambaci Breivik a rubutunsa, na El Paso ya buɗe nasa da goyon bayan na Christchurch, sannan yaro ɗan shekara 18 da ya kashe baƙar fata goma a kantin Tops na birnin Buffalo ranar 14 ga Mayun 2022 ya kwafi sassa masu yawa na rubutun na Christchurch, ya kuma watsa harin kai tsaye a intanet kamar yadda wancan ya yi a Facebook. Yaron na Buffalo ya bar garinsu ya yi tafiyar fiye da kilomita 300 saboda ya bincika ya gano unguwar da baƙar fata suka fi yawa. Ƙunci shi kaɗai ba ya zaɓar masallaci a lokacin sallar Juma'a, ba ya zaɓar cocin baƙar fata kamar Emanuel na Charleston, inda Dylann Roof ya zauna kusan sa'a guda tare da masu karatun Littafi Mai Tsarki a 2015 kafin ya kashe tara daga cikinsu. Aƙidar ce ta yi wannan zaɓin, kuma waɗanda suke yaɗa ta suna da abin da za su amsa, ko da babu kotun da za ta iya kama su.

Malamin Sakandare ya amsa:

Hajiya, maganarki dutse, amma ina roƙon mu auna kowa da mudu ɗaya. Omar Mateen, wanda ya kashe mutum 49 a wani gidan rawa na Orlando a watan Yunin 2016, ya kira layin gaggawa ana cikin harin ya yi mubaya'a ga shugaban ƙungiyar IS, yana kafa hujja da bama-baman da Amurka take jefawa a Iraƙi da Siriya. A lokacin da yawa daga cikinmu mun ce mutum ne mai matsalar kansa, kada a shafa wa kowa, masu ra'ayin riƙau na Amurka kuma suka ce aƙida ce tsantsa. Da na Christchurch ya faru sai muka yi musayar kujeru. Laifi tudu ne.

Misalin Orlando yana nuna wani abu kuma da ba mu taɓo ba tukuna: ƙorafin yana iya zama gaskiya, domin lallai fararen hula sun mutu a hare-haren Iraƙi da Siriya, amma gaskiyarsa ba ta halatta jinin wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Sannan ba kowane harbi ne yake da aƙida a bayansa ba. A Las Vegas, ranar 1 ga Oktoban 2017, wani mai kuɗi ɗan shekara 64 ya yi ta harbi daga hawa na 32 na wani otal, mutum 60 suka mutu sakamakon harin, kuma hukumar FBI ta rufe bincikenta ba tare da ta gano dalili guda bayyananne ba.

Lauyan Unguwa ya sake amsawa:

Hajiya, ina ganin saɓaninmu bai kai yadda ya bayyana ba, domin doka ba ta ɗaukar alhaki a matsayin abin da ake rabawa har kason wani ya ragu idan an ƙara mutane. Na Christchurch ya sami ɗaurin rai da rai ba tare da damar sakin talala ba a watan Agustan 2020, karo na farko a tarihin New Zealand, duk da haka kwamitin bincike na ƙasa ya zo a watan Disamba ya ce 'yan sanda sun yi sakaci wajen ba shi lasisin bindiga, hukumomin tsaro kuma sun tattara hankalinsu kan barazanar masu tsattsauran ra'ayin Musulunci fiye da kima. Babu wanda ya ce hakan ya rage masa ko kwana ɗaya.

A jihar Michigan ma, yaron da ya kashe ɗalibai huɗu a makarantar sakandaren Oxford a watan Nuwamban 2021 ya sami ɗaurin rai da rai, sannan a 2024 aka yanke wa iyayensa, James da Jennifer Crumbley, shekara 10 zuwa 15 kowannensu bisa laifin kisa ba da gangan ba. Su suka saya masa bindigar kwanaki kaɗan kafin harin, kuma da safiyar ranar makarantar ta kira su ta nuna musu zanen bindiga da jini da ya yi a takardar lissafinsa, suka ƙi tafiya da shi gida.