Me ya sa fandeshan yake yin duhu a fuska bayan an shafa shi?

'Yar Mabera:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimakon masu sani a cikinku, domin bikin ƙanwata saura mako uku, kuma ba na son abin da ya same ni a watan jiya ya maimaita kansa. Na sayi fandeshan, wato man kwalliyar da ake shafawa don daidaita launin fuska, a wani shago a nan cikin Sakkwato, na gwada shi a bayan hannuna, mai shagon ma ta duba ta ce ya dace da fatata. Ranar wata walima na yi kwalliya bayan sallar azahar, na fita fuskata da wuyana launi ɗaya, amma kafin a kira la'asar da na duba madubi sai na tarar fuskar ta yi duhu ta koma ja-ja kamar jar ƙasa, musamman goshi da karan hanci da haɓa, har ana iya ganin iyakar inda ya tsaya a muƙamuƙina. Fatata mai maiƙo ce, kuma na saba shafa man kaɗanya kowace safiya. Shin jabu aka sayar mini, ko kuwa matsalar daga fatata take?

Malamar Kimiyya:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ba lallai ba ne jabu kika saya, domin wannan yana faruwa har da kaya masu tsada. Masu kwalliya suna cewa iska ce take cin launin, kamar yadda yankakken dankali yake sauya kama idan aka bar shi a buɗe, amma wannan bayani bai cika ba. Launin da ke cikin kusan kowane fandeshan ana haɗa shi ne daga garin sinadarin ƙarfe iri uku, ja da rawaya da baƙi, sai kuma farin gari mai suna titaniyam dayoksayid wanda yake rage musu ƙarfi. Idan kika juya kwalbar za ki iya ganin lambobinsu a jerin kayan haɗi: CI 77491 shi ne ja, CI 77492 rawaya, CI 77499 baƙi, CI 77891 kuma farin. Waɗannan garin ƙarfen 'yan'uwan tsatsa ne, wato sun riga sun gama haɗuwa da iska tun kafin a zuba su a kwalba, saboda haka iskar sa'a biyu a fuskarki ba ta da wani abin da za ta ƙara yi musu.

Abu biyu ne suke haddasa mafi yawan duhun. Na farko, fandeshan yana ɗauke da ruwa ko wani mai marar nauyi wanda aikinsa kawai ya taimaka a baza shi, kuma da zarar an shafa sai ya fara tashi ya bar garin launin ya taru wuri ɗaya, ya ƙara kauri a ido. Launin da kika gani a minti na farko na ɗanyen fandeshan ne, na gaskiyar yana bayyana ne bayan ya bushe. Na biyu, kuma shi ne nake ganin ya fi shafar ki, maiƙon da fata take fitarwa yana jiƙa garin. Ki tuna takardar da aka ƙunshe ƙosai a ciki: duk inda mai ya taɓa sai ya yi duhu har ana hango abin da ke baya, alhali ba a zuba wa takardar wani rini ba. Haka dukawa suka san jar fatar akuya, da an goga mata mai sai ta ƙara duhu. Farin garin nan yana haskaka launi ne saboda yadda yake watsa haske, idan mai ya lulluɓe shi sai ƙarfinsa ya ragu, ja da rawaya su yi rinjaye. Wannan ne ya sa goshi da hanci da haɓa suka fara sauyawa, domin nan ne fuska ta fi yin naso. Ki haɗa wannan da man kaɗanyan da ke ƙarƙashi, da zafin garinmu wanda a watannin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, sai ki ga cewa fandeshan ɗin a cikin mai ya wuni.

Mai Kwalliyar Amare:

Malama ta yi bayanin da ya gamsar da ni, domin na daɗe ina ganin abin a hannuna ban san sunansa ba. Ƙanwata, kuskuren ya faro ne tun daga shago. Bayan hannu ba ma'auni ba ne, launinsa daban da na fuska, kuma ba ya naso kamar goshi. Idan za ki gwada, ki ɗiga kala biyu ko uku a jere a gefen muƙamuƙi, ki bar shagon ki je ki ƙarasa cefanenki, sai bayan kamar rabin sa'a ki duba madubi a inuwa da hasken rana, ba a ƙarƙashin fitilar shago ba. Wanda ya saje da wuyanki a wannan lokacin shi ne naki, ko da a kwalba bai burge ki ba.

Ga yadda nake yi wa amaren da fatarsu take da maiƙo, musamman a bazara. Ina sa su wanke fuska da sabulu marar ƙarfi, su shafa mai marar nauyi ɗan kaɗan, sannan mu jira aƙalla minti goma ya shige jiki. Man kaɗanya da basilin abubuwa ne masu kyau, ni ma ina amfani da su lokacin hunturu, amma wurinsu dare ne, kada su kasance a ƙarƙashin kwalliya. Idan za a shafa man kariya daga rana, shi ma a ba shi lokacinsa ya zauna. Daga nan sai in sa firaima mai hana naso a goshi da hanci da haɓa kaɗai, domin ita ce shinge tsakanin maiƙon fata da launin. Fandeshan kuwa ɗan kaɗan nake ɗiba, in daddanna shi da soso mai ɗan danshi, in bar shi ya sha iska, sai inda ake buƙatar ƙari in ƙara. Yawancin 'yan matan da suke zuwa wurina suna ganin yawan shafi shi ne kyau, alhali shafi mai kauri ya fi saurin yin duhu da tsagewa. A ƙarshe in danna farar hoda marar launi, ba mai launi ba, saboda hoda mai launi ita ma garin ƙarfen nan ne a cikinta, idan ta jiƙe sai duhu ya hau kan duhu.

Akwai kuma abin da nake roƙon kowace amarya: idan fuska ta fara ƙyalli a tsakiyar taro, kada hannunki ya fara zuwa kan hoda. Ki ɗauki tishu ki danna a hankali ba tare da gogawa ba, ya tsotse maiƙon da zufar, sannan ki ɗan taɓa hoda idan da buƙata. Na sha ganin amarya ta fito daga hannuna lafiya, ƙawaye su yi ta ƙara mata hoda a kan gumi tun daga wurin kamu, kafin dare fuskar ta zama kamar an yi yaɓe.

Hajiya daga Runjin Sambo:

'Yata, ni shawarata ita ce ki sayi wanda ya fi fatarki haske da mataki ɗaya, idan ya yi duhu sai ya dawo daidai. Sannan ki shinshina kwalbar. Man da ke cikin fandeshan yana lalacewa idan ya tsufa ko ya daɗe a zafi, sai ki ji yana warin tsohon mai, ko ki ga ruwa ya rabu ya taso sama. A jikin kwalba akwai hoton ɗan gwangwani a buɗe da rubutu kamar 12M, ma'ana wata 12 bayan buɗewa. Kada a bar shi a mota ko a bakin taga, kuma a duba lambar NAFDAC kafin a biya kuɗi.

Mai Kwalliyar Amare:

Hajiya, Allah ya ƙara girma, maganar ajiya da wa'adi gaskiya ce, amma batun sayen mai haske ina da ɗan ja a kai. Ba kowane fandeshan yake yin duhu daidai da wani ba, akwai wanda da ƙyar yake motsawa, kuma idan aka sa wa mai duhun fata wanda ya fi ta haske sai fuskar ta yi fari-fari kamar an barbaɗa toka, abin da ya fi muni a hoto idan hasken kyamara ya buga. Dabarar tana aiki ne kawai ga wadda ta riga ta gwada wannan samfurin a fuskarta ta ga iya inda yake tsayawa. Tunda ƙanwar tamu ta ce nata ja yake komawa, ina zargin har da asalin launin bai dace ba, wataƙila jan da ke cikinsa ya yi wa fatarta yawa, kuma wanda ya fi karkata ga rawaya ko tsaka-tsaki ne zai karɓe ta.

'Yar Mabera:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Jiya na yi gwaji a gida kamar yadda kuka nuna. Na bar man kaɗanya, na raba fuskata biyu, gefen dama na sa firaima da farar hoda, gefen hagu na shafa fandeshan shi kaɗai, sannan na shiga madafi na ɗora girkin rana. Bayan sa'a biyu gefen hagu ya yi duhu kamar ranar walimar, na dama kuwa ɗan kaɗan ya sauya, sai dai jan nan yana nan a dukkan ɓangarorin idan na gwada da wuyana. Kwalbar ba ta wari kuma wa'adinta bai cika ba. Gobe in Allah ya yarda zan koma kasuwa da sassafe da ƙaramin madubi a jaka, in gwada masu karkata ga rawaya guda biyu a muƙamuƙi, in zaga in sayo kayan lallen biki kafin in dawo in zaɓa.