Musayar waƙa: da me za mu je godiyar kaka bana?

Uwar Zumunta, Zuru:
Salama a gare ku cikin sunan Yesu. Godiyar kaka ta matso, na kuma san da yawanmu ba su taka gonakinsu na nesa ba bana. Ga baiti na buɗe da shi, mai abin faɗa ya ɗora.

Na gode Uba, ka nuna mini safiya,
Na leƙa ɗaki, yara suna lafiya,
Rumbu bai kai rabi ba, in faɗi gaskiya,
Duk da haka bakina yana kan godiya.

Ɗan Wasagu:
Mama, ki gafarce ni, ina da tambaya,
Gonar ubana ciyawa ta toshe hanya,
Masu bindiga sun kore shanu gaba ɗaya,
Muna raɓe a gidan mutane cikin kunya.
In an miƙo faifan baiko, me zan ajiye? Ƙarya?

Dattijo, Yelwan Yauri:
Ɗana, tambayarka ba saɓo ba ce. Dauda ma ya ce "har yaushe" a Zabura ta 13, Allah bai kore shi ba. Ni a damunar 2020 Kwara ta tumbatsa ta shafe mini shinkafa ana gab da yanka, kamar yadda ta yi wa dubban manoman Kebbi. Abin da ya riƙe ni ke nan:

Habakuk ya duba ɓaure, ba toho ko ɗaya,
Garke ba tunkiya, turke ba saniya,
Ya ce zai yi murna da Allah Mai iya,
Tun ba a mayar masa da ko ƙwaya.
Na rera haka ina hawaye, ba da dariya,
Ubangiji ya karɓa, don yana duban zuciya.

Malama, Birnin Yauri:
Baba, ka taɓo mini tabo. Ranar 17 ga Yunin 2021 aka kwashe ɗaliban kwalejin gwamnatin tarayya ta garin nan, 'yan matan ƙarshe ba su dawo ba sai a 2023.

Iyaye sun yi kuka, Musulmi da 'yan ikilisiya,
Ba wanda ya tambayi wani addininsa a hanya,
Mun durƙusa har gwiwa ta san gajiya,
Da suka dawo muka gode, ciwon bai bar zuciya.
Ɗan'uwa, ba sai ka warke ba za ka shiga majami'a.

Na karya amsa-amo a ɗangon ƙarshe, ku bar shi haka, maganar ce nake so ta isa gare shi.

Mai bishara, Gusau:
Bulus da Sila a Filibi sun sha bulala a baya,
Ƙafa cikin turu, dare ya raba tsakiya,
Suka ɗaga waƙa, 'yan kurkuku na jin murya,
Ƙofa na kulle lokacin da suka fara godiya.

Ɗan Wasagu:
Na ji, iyayena. Fushin bai sauka duka ba, amma ga abin da na samu da na zauna na ƙirga:

Tsohuwata ta taka daji har gari lafiya,
Maƙwabci Musulmi ya ba mu ɗaki, bai karɓi haya,
Ƙanwata na makaranta, ba ta koma baya.
Zan zo Lahadi, hannuna ba dukiya,
In tsaya gaban Yesu da wannan murya ɗaya.

Uwar Zumunta, Zuru:
Amin, ɗana. Matan zumunta sun tara dawa da wake tiya tiya saboda waɗanda aka koro daga ƙauyukan Danko, Wasagu da Sakaba. In an tashi sujada kada ka wuce, ka zo da tsohuwarka da buhu. Wanda kuma ya san wani gida da ke kwana da yunwa suna jin nauyin faɗa, ya sanar da ni kafin Asabar.