Wai wa ke ɗaukar nauyin binciken da likitocin asibitin koyarwa ke yi?

Ɗan Ringim:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah tambaya gareni ga waɗanda suka san harkar asibitin koyarwa. Ni ƙaramin ma'aikacin lafiya ne a wani sha-ka-tafi can cikin ƙauye ta wajen Ringim. Lokaci lokaci sai ka ga mota ta zo daga birni, matasa da fom da waya a hannu, su ce bincike suke, a tara musu masu ciki ko iyayen yara, su yi tambayoyi su ɗebi jini su tafi, shikenan ba ka ƙara jin ɗuriyarsu, mutanen gari kuma ni suke tarewa a ƙofar masallaci suna cewa Malam ina sakamakon jininmu. To shi wannan bincike asibitin ne da kansa yake tsaya masa ko kowane likita ta kansa yake? Kuma mene amfaninsa in ba zai dawo mana nan ba?

Likitan Yara:
Wa alaikumussalam Malam. Gaskiya yawanci kowa ta kansa yake. Likitan da ke neman zama konsoltan dole sai ya yi bincike kafin ya gama, kuma da yawa daga aljihunsu suke yi, shi ya sa ana gama jarabawa sai takardar ta shige durowa. Sannan akwai wata matsala, asibitin koyarwa na tarayya yana ƙarƙashin ma'aikatar lafiya, jami'a kuma tana ƙarƙashin ma'aikatar ilimi, kuɗin bincike na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ta ɓangaren jami'a yake biyowa.

Abin da ake nufi da hukuma ta tsaya wa bincike ba wai ta miƙa wa likita kuɗi kawai bane. A ba shi lokaci, ba wai ya ga marasa lafiya tun safe har la'asar ya yi kwanan asibiti sannan a ce ya zauna rubutu ba. A samu ofishin da ya iya neman tallafi da riƙe lissafin kuɗin yadda masu bayarwa za su yarda, da nas nas da aikinsu kenan bibiyar waɗanda suka shiga binciken, da masanin ƙididdiga, da lab mai wuta. A Amurka tun 2006 hukumar binciken lafiya ta ƙasar, wato NIH, take ba manyan asibitocin jami'a kuɗi na musamman dan su gina irin wannan, yadda ƙaramin likita in ya zo da tunani zai tarar da komai a ƙasa.

Mu ma inda aka yi hakan an ga amfani. Ka duba aikin sikila da aka yi a Kano da Kaduna tare da jami'ar Vanderbilt ta Amurka, har da asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala. Ana ɗora wa yaro wata na'ura a gefen kai a auna gudun jini a jijiyar ƙwaƙwalwa, in ya yi yawa to yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. A ƙasashen Turawa ƙarin jini ake musu duk wata, mu kuwa ina jinin ina kuɗin? Sai aka gwada maganin hydroxyurea a kan yara 220, sakamakon ya fito a 2022 cewa ƙaramin awo ma yana yin aikin da matsakaici ke yi wajen kare su. Wannan shekaru aka yi ana bin yaran nan ɗaya bayan ɗaya, likita shi kaɗai ba zai iya ba wlh.

Baba Na Gwarzo:
Likita ka yi bayani amma ka tsallake abu guda. Mu da muka ga 1996 ba za mu manta ba. Lokacin annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a asibitin zana na Kano, yara wajen 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake ba. Sai 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Yana daga cikin abin da ya sa mutane suka juya wa rigakafin shan inna baya a 2003. Dan haka yarona, kafin a yi maganar kuɗi da na'ura a fara gaya mana wa ke tsare talaka. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu.

Likitan Yara:
Gaskiyarka Baba, Allah ya ƙara girma. Shi ya sa yanzu akwai kwamitin ɗa'ar bincike na ƙasa, NHREC, da ƙa'idojin da aka fitar a 2007, manyan asibitoci kuma suna da nasu kwamitin, gwajin magani kuwa sai da izinin NAFDAC. Amma shi ma kwamitin sai hukuma ta riƙe shi, in ba shi da mota ba shi da ma'aikata to sa hannu kawai zai yi a ofis, ba zai taɓa zuwa ƙauye ya ga yadda aka karanta wa tsohuwa takardar amincewa ba.

Sista Hadiza Ungozoma:
Ni ta ɓangaren haihuwa zan yi magana. Da ido muke ƙiyasta jinin da mace ta zubar, ka ga zani ya jiƙe ka ce da sauƙi, kafin ka farga ta fara ganin jiri hannunta ya yi sanyi. Binciken E-MOTIVE da aka yi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta BUK ta jagoranci ɓangarenmu, wata leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mace bayan ta haihu, jinin na taruwa kana ganin layin da ya kai, da ya nuna haɗari sai a haɗa komai lokaci guda, murza mahaifa, allurar tsayar da jini ta oxytocin da ta tranexamic, ƙarin ruwa, ba a jira a gwada ɗaya bayan ɗaya. A 2023 aka bayyana cewa mummunar zubar jini ta ragu da kashi 60 cikin ɗari. To amma Malam tambayarka tana nan, dan ni inda nake aiki ledar in ta ƙare sai mu koma ido. Bincike ya gama nasa, saura mai saya ya kai ƙauye, wannan kuma na gwamnatin jiha ne da ƙananan hukumomi.

Mai Lab:
Ku ƙara da wuta. Jinin da kuke gani ana ɗiba wani sai an ajiye shi a firiza mai sanyin 80 ƙasa da sifiri, na taɓa aiki a wani wuri da janareto ya tsaya ranar Juma'a babu dizal, kafin Litinin aikin watanni ya narke. Wani lokacin ba ƙin kawo sakamako aka yi ba Malam, babu shi ne.

Ɗan Ringim:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To yanzu in sun sake zuwa me zan ce musu? Ban son in hana abin alheri, ban kuma son mutanena su daina yarda da ni.

Likitan Yara:
Ka ce su nuna maka takardar izinin kwamitin ɗa'a da ta ma'aikatar lafiya ta jiha, ka duba kwanan wata da sunan shugaban binciken ka rubuta lambar wayarsa. A karanta wa kowa takardar amincewa da Hausa a gabanka, a kuma faɗa musu wanda bai so ba dole, ba za a hana shi magani ba. Sannan kafin a ɗebi jinin kowa ku je wajen mai gari tare, su faɗi watan da za su dawo da bayani, da kuma asibitin da za a tura duk wanda aka gano yana da ciwo.