Yawan p53 a sankarar cikin mahaifa: ya isa a yanke hukunci da shi?

Ɗalibar likitanci: Assalamu alaikum malamai. An koya mana furotin p53 shi ne birkin da ke hana ƙwaya rikiɗewa zuwa sankara. To ta yaya za a ce ya yi yawa a ƙarin cikin mahaifa, kuma hakan ya zama alamar ciwo mai tsanani?

Likitan nazarin tsoka: Wa alaikumus salam. p53 mai lafiya ba ya daɗewa a cikin ƙwaya, furotin MDM2 ne ke sa a rushe shi, shi ya sa idan muka rina tsoka don a ga p53 sai ki ga launi jefi-jefi. Idan ƙwayar gadon TP53, wadda ke samar da p53, ta lalace, sai gurɓataccen ya taru, ya rina sama da kashi 80 cikin 100 na ƙwayoyin ƙarin. Yawan lalatacce ne. Wani lokacin ma babu launin sam, shi ma ba daidai ba ne.

Likitar mata: Ni dai matsayina ɗaya ne: in sakamako ya zo da p53 a gurɓace, kuma ƙarin ya shiga naman mahaifa, a haɗa wa matar kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara, bayan tiyata, ko da a matakin farko ne. A binciken PORTEC-3, cikin masu irin wannan ƙari, kashi 59 ciwon bai dawo musu ba cikin shekara 5 da aka haɗa kemo da gashi, wato ƙona ƙari da haske. Da gashi kaɗai, kashi 36.

Likitan nazarin tsoka: Hajiya, a nan muka rabu. Tun 2013 shirin TCGA na Amurka, mai nazarin ƙwayoyin gadon sankara, ya raba wannan sankara gida huɗu. Akwai gidan POLE, wato ƙarin da ƙwayar gadon POLE ta sauya a cikinsa, wanda a binciken da kika kawo kashi 98 ba su ga dawowar ciwo ba. Wasu ƙarin na POLE suna rinuwa da p53 kamar gurɓatacce, amma halinsu na POLE ne. Ki ɗora wa baiwar Allah kemo, gashin kanta ya zube, tafin ƙafa ya mutu, iyali su sayar da gona, alhali ba ta buƙata.

Likitar mata: Malam, a ina zan yi gwajin POLE ɗin? Ɗakin gwajinmu rini kawai yake iyawa, shi ma sai kayan aiki sun samu. Matar da ta daina al'ada shekaru, ta yi ta ganin jini tana ɓoyewa, sai da ƙyar 'ya'ya suka kawo ta, in ce ta ƙara jira?

Likitan gashin sankara: Ku duba nau'in ƙarin tukuna. Idan nau'in da ake kira siros ne, kusan duka suna da lalataccen TP53, ina tare da Hajiya. Ruɗanin yana wajen nau'in endometriyoyid. Can ina tare da Malam, domin tsarin ƙungiyar likitocin mata ta duniya, FIGO, na 2023 ma ya saka su a matakai daban: mai POLE a sauko da shi, mai gurɓataccen p53 a ɗaga shi.

Likitar mata: FIGO ba ta biya wa kowa kuɗin gwaji. Ban janye ba. Amma Malam, daga yau ka riƙa haɗa min rinin MMR, wato furotin masu gyara kuskuren ƙwayoyin gado, a kowane rahoto, ka kuma faɗa min ko launin p53 ya game ƙarin duka ne ko wani sashe kawai.

Likitan nazarin tsoka: Zan yi. Ku ma a saka tsokar cikin fomalin, ruwan adana tsoka, da zarar an ciro ta, domin wadda ta kwana a buɗe ba ta rinuwa daidai.